Wakilai Biyu da Ƙofa ta Huɗu

Walida da Khalifa, akwai labarin da ake bayarwa a danginmu game da ranar da aka ɗaura aurena da mahaifiyarku, kuma na tabbata za ku ji shi tun kafin ku iya karanta wannan littafi. Za a ce muku a ranar Kawuna ne ya janye don kansa, ya bar wa Baffana wakilcin ango, saboda dattaku da sanin ya kamata. Labari ne mai daɗin ji, kuma shi Kawun ne ya fara ba da shi. Sai dai ba haka aka yi ba. A ranar ina nan Jidda, tsaye a bayan wata ƙofar katako mai koren fenti, kuma da bakina aka yanke abin da aka yanke. Ban tsufa ba tukuna, amma na lura labari ba ya jiran mutum ya yi furfura kafin ya kafu, shi ya sa na ga gara in rubuta tun yanzu.

Mahaifina ya rasu ina da shekara bakwai. Baffa, wato ƙanensa, manomin auduga ne a ƙauyenmu, kuma ya so in tashi a hannunsa kamar yadda aka saba. Kawu, wan mahaifiyata, mai gyaran keken ɗinki ne a kasuwar Funtuwa. Ranar sadakar arba'in ya zo ya ce zai tafi da ni in yi masa mako guda, bai mayar da ni ba sai bayan shekara goma sha bakwai, da digiri a hannuna. Baffa bai taɓa kiran wannan da wani suna ba sai sata. Tun daga lokacin, in sun haɗu a wurin biki ko makoki sukan gaisa gaisuwa cikakkiya, su tambayi gajiya da iyali da damina, amma kowa hular ɗan'uwansa yake kallo, ba idonsa ba. Kawu ne kaɗai a duniya yake kirana Mansuru, yana jan ƙarshen sunan kamar mai kiran wanda ya yi nisa a gona. Ku riƙe wannan, zan komo gare shi.

Hausa na karanta a jami'a, kuma na so ta so mai tsanani, har abokaina suka sa mini suna Ƙamus. Aikin da ya samu kuwa tuƙi ne. Na zo Jidda na zama direban ƙaramar bas a wani rukunin gidajen Turawa a Abhur, ina kai yara makaranta, ina kai mata kanti. Ina kwana a Sharafiyya, a wani ɗaki da ke saman gidan Khala Maryam, Bahaushiya haifaffiyar Jidda, wadda kakanninta suka sauka a tashar jiragen ruwa don aikin hajji ba su koma ba. Ɗakin mu biyu ne, ni da Isufu, wani kafinta mutumin Damagaram, wanda shi ma a rukunin gidajen yake aiki.

Turawan suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo da suke rage kewar gida da ita. Shugabarta Madam Helen ce, Baturiyar Ingila, tsohuwar malamar makaranta, ƙaramar mace mai babbar murya. A shekarar da nake ba ku labari ta zaɓi wani wasan barkwanci na ƙasarsu a kan ranar biki, ta sa Isufu ya kafa mata ɗaki a kan dandamalin zauren taro, mai ƙofofi shida. Na tambaye shi me ɗaki ɗaya zai yi da ƙofa shida, ya ce shi ma ya tambaya, an ce masa ya jira ya gani. Da aka fara gwaji sai matsala ta fito. Katakon ba shi da nauyi, in ɗan wasa ya buga ƙofa da ƙarfi sai ta sake buɗewa da kanta, a ga wanda ya ɓuya yana tsaye yana sosa kai. Dole a sami mutum a baya wanda zai cafke ta daidai lokacin da ta bugu, ya riƙe, ya kuma sake ta daidai lokacin da za a murɗa. Isufu ya ɗauki uku, aka ce wa zai ɗauki ukun da suka rage. Na ɗaga hannu. Ba don ina son wasa ba, don ina son in san abin da ke sa manyan mutane, injiniyoyi da likitoci, su bar hutunsu su zo suna gudu da wando a hannu.

Labarin wasan ba wani babban abu ba ne. Safiyar ranar biki ce. Uban amarya ya shiga ɗaki da kofin shayi, ya yi tuntuɓe, shayin ya zube a kan farar rigar amarya. Maimakon ya gaya wa matarsa, sai ya cusa rigar a kabad, ya ce tela ya zo ya ɗauka zai rage mata tsawo. Matar ta ce tana son ganin telan. Sai ya kama wani bawan Allah da ya zo gyaran famfo, ya rataya masa tef a wuya, ya ce ga tela. Uwar ango ta iso ta ce lallai telan ya auna ta. Limamin coci ya iso da wuri, aka tura shi banɗaki aka kulle. Famfon da ba a gyara ba ya fara ambaliya ta ƙarƙashin ƙofa ta huɗu, wadda ita ce mafi wahala a cikin nawa, don sau talatin da ɗaya ake buga ta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, hargitsin da mai kallo yake gani a gaba, a baya ba hargitsi ba ne ko kaɗan. Ban taɓa ganin aiki mai tsari irinsa ba. Kowace buguwar ƙofa da lambarta a takarda, kowace da kalmar da ake jira kafin ta. In na makara da numfashi ɗaya, Madam Helen za ta tsayar da komai ta ce an kashe mata dariya. Na sayi ƙaramin littafi na dinga juya maganganun zuwa Hausa a lokacin da nake jiran yara a bakin makaranta, ina so in ga ko dariyar za ta tsallako tare da su.

Isufu bai wahalar da kansa da littafi ba. Wata rana muna cin shinkafa a bayan dandamalin ya ce, yana sirka Faransanci irin na mutanen Nijar:

"Bon, ni abin da ban gane ba, gidan nan babu dattijo ne? Mutum ɗaya mai furfura ya zauna, ya ce kowa ya yi shiru, a kawo rigar a gani. Wala, an gama."

"Dattijon ne ya zubar da shayin," na ce masa.

"To ai shi ke nan, gida ya mutu. Miƙo mini yaji."

Ni kuwa abin da na gano, kuma na ji daɗin gano shi, shi ne wasan ba zai zauna a Hausa ba. Auren Turawa a kan mutum biyu yake rataye, da riga ɗaya, da sa'a ɗaya. Dole ango da amarya su tsaya da ƙafafunsu su amsa da bakinsu, don haka in ɗayansu ya makale a banɗaki komai ya tsaya. Mu kuwa manya ne suke ɗaurawa. Waliyyin amarya ya bayar, wakilin ango ya karɓa, jama'a su shaida, a shafa fatiha. Amarya tana cikin gida, ango ko yana wata ƙasa ba abin da zai ragu. Na rubuta a littafina cewa tsarinmu ya toshe ƙofar irin wannan rikici tun asali. Har yau shafin yana nan, da kyakkyawan rubutuna.

Madam Helen ta lura da ni. Da Turanci muke magana, zan mayar da ita Hausa gwargwadon iko.

"Mansur, sau goma sha biyu ka ga wasan nan, ban taɓa jin ka yi dariya ba."

"Ina ƙoƙarin in gane abin da ake yi wa dariyar ne, Madam. Mutumin nan ba mugu ba ne. Wahala yake sha."

"Ai shi ya sa. Da mugu ne, da tsoro za a ji. Duba, in ya buɗe baki a shafi na biyu ya ce wa matarsa, na zubar da shayi, za ta yi masa faɗa na minti uku, kowa ya tafi gida. Duk ƙofofin nan shida, don kada ya sha faɗan minti uku aka kafa su."

Na rubuta wannan ma, na ja layi a ƙarƙashi. Ban ga kaina a ciki ba ko kusa.

A wannan lokacin an riga an sa ranar aurena. Kawu ne ya yi duk zirga-zirgar neman auren, shi ya kai gaisuwa, shi ya zauna da iyayen mahaifiyarku har sau uku. Ni ba zan sami zuwa ba, don kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ya kai iƙamata, takardar izinin zama, sabuntawa, kuma sai ta fito ake ba mutum takardar fita da komowa. Wata biyu kafin ranar na kira Kawu na ce masa, da bakina, ba tare da kowa ya sa ni ba:

"Kawu, kai za ka karɓa mini."

Ina jin ƙarar kekunan ɗinki a bayansa. Sannan ya ce:

"Mansuru, ka gaya wa Baffanka?"

"Zan gaya masa."

"To. Allah ya nuna mana."

Ban gaya masa ba. Na ce sai na sami kalmomin da suka dace. Saura mako uku sai ga kiran Baffa, wanda a shekara bai fi ya kira ni sau biyu ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce:

"Na ji an sa rana. Madalla. Na ba da ɗinkin babbar riga, shuɗiya, irin wadda ubanka yake so. Ranar da zan karɓa wa ɗan wana aure ba zan shiga masallaci da tsohuwar riga ba. Bayan Juma'a ne ko?"

Abin da na ce masa kalma huɗu ce: "To, Baffa. Bayan Juma'a." Ban yi ƙarya ba, a yadda na lissafa wa kaina a lokacin, tunda lokaci ya tambaya kuma lokaci na faɗa. Amma kowane Bahaushe ya san abin da "to" take ɗauka in yaro ya faɗe ta ga babba.

Daga ranar na fara rubuta wasiƙa zuwa ga Baffa. Na rubuta ta sau shida. Ta farko ta yi tsauri, ta biyu ta yi laushi har ba a gane abin da take nufi, ta uku na ɓata shafi guda a kan gaisuwa. Wata safiyar Asabar ina zaune a tsakar gida ina fama da ta biyar, Khala Maryam tana tsince shinkafa, ta sa na ba ta labari. Ta ajiye faranti ta dube ni.

"Esh hada, ya waladi? Mene ne haka, ɗana? Wasiƙa? Baffan naka boko yake karantawa?"

"Za a karanta masa, Khala."

"A karanta masa a gaban mutane cewa ba shi ba ne? Mashallah, digiri! Ɗauki jawwal ɗinka, wayar nan taka, ka kira shi yanzu. Zai zage ka, zai kashe waya, bayan Sallah ya huce. Halas, shi ke nan. Yalla, kira."

"Ina so in tsara maganar tukuna."

"Ustaz, maganar da ake tsarawa mako biyu ba magana ba ce, tsoro ne ya sa jallabiya."

Na yi murmushi, na ce mata ta kwantar da hankalinta. Ina da wani lissafi da ban gaya mata ba. Na sha ganin manya biyu sun haɗu a gaban liman, wannan ya ce bismilla kai ne babba, wancan ya ce a'a kai ne uba, a yi ta ja cikin ladabi har ɗaya ya karɓa. Na ɗauka al'ada za ta yi mini aikin da na ƙi yi. Na manta cewa irin wannan ladabi sai tsakanin mutanen da ba wanda yake ganin an taɓa ƙwace masa wani abu.

Ranar ɗaurin auren ta zo daidai da ranar wasan, Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma. Da Madam Helen ta ji, a bakin Isufu, sai ta zauna a kan kujerar uwar ango ta cire tabarau.

"Aurenka ne ranar Juma'a? Kai kana nan? Wa zai ce ya yarda?"

"Wakilina, Madam."

"In ya ce bai yarda ba fa? In ya makara? In ya auro maka wata?"

"Ba a taɓa yi ba," na ce, na kuma yi mata bayanin tsarin dalla-dalla. Ta saurara da gaske, ta yi tambayoyi masu ma'ana, ta ce a ganinta wannan ya fi nasu hankali, ko don ango ba zai suma a gaban mutane ba. Ta ce in ina so in huta za ta nemi wani. Na ce ba ni da abin yi a ranar sai jira, kuma babu wanda ya san ƙofa ta huɗu kamar ni.

Ƙa'idarta ce kowa ya ajiye wayarsa a cikin wani kwando kafin a ɗaga labule. Na yi sallar La'asar, na sa sabuwar hula don dai in san ranar daban ce, na ajiye wayata. Jidda tana gaban gida da awa biyu, don haka na lissafa cewa za a sauko daga Juma'a a Funtuwa muna tsakiyar kashi na farko, kuma in an zo hutun rabin lokaci zan tarar da saƙon Nura, abokina tun firamare, yana ce mini an ɗaura. Zauren ya cika. A karo na farko na ji wasan da masu kallo, kuma a nan na fahimci dalilin da ya sa Madam Helen take ƙirga numfashi. Ƙofa ta bugu, na cafke, sai dariya ta taso kamar an yaye rufin kwano ruwa ya zubo. Na saki, na cafke, na saki. Ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Da aka sauke labule na je kwandon. Kira ashirin da uku, duk na Nura. Kafin in danna sai ga na ashirin da huɗu.

"Ƙamus! Ina ka shiga? Mutane sun fi rabin awa a zaune a rana!"

"Ina wurin aiki. An ɗaura?"

"An ɗaura me? Liman ya ce wane ne wakilin ango, mutum biyu suka ce ni ne. Kawu ya ce da bakinka ka roƙe shi. Baffa ya ce da bakinka ka amsa masa. Ba wanda ya ɗaga murya, wallahi da sun yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Kowa ya naɗe ƙafa ya zauna. Wai wane irin aiki ne wannan nake jin mata suna shewa?"

"Ba sa iya sasantawa?"

"Alhaji Inuwa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga gidan da bai san bakinsa ba. Ya ce a ji daga wurinka kafin kiran La'asar, in ba haka ba a ɗaga, kuma in an ɗaga shi bai ce ga rana ba. Ga shi, zan buɗe murya kowa ya ji."

Alhaji Inuwa shi ne wan kakanku na wajen uwa, waliyyin mahaifiyarku, tsohon magatakardar kotu. Ba ya faɗin magana sau biyu. Na juya na fuskanci bayan katakon, inda Isufu ya rubuta lambobin ƙofofi da alli. Isufu yana tsaye kusa da ni da kofin ruwa. Na ji an yi gyaran murya a wayar, na ji tarin wani tsoho, na ji kukan akuya daga nesa. Liman ya yi sallama ya ce:

"Malam Mansur, jama'a suna jinka. Wa ka wakilta?"

"Allah gafarta Malam, ba zai yiwu su karɓa tare ba?"

Alhaji Inuwa ne ya amsa: "Yaro, mace ɗaya zan bayar, baki ɗaya zai karɓa. Faɗi suna."

Ina so ku san abin da ya ratsa zuciyata a wannan ɗan lokaci, don shi ne dalilin wannan babi. Ban auna wanda ya fi cancanta ba, na san shi. Abin da na auna shi ne wanda zai yafe. Na san in na ce Kawu, Baffa zai tashi da shuɗiyar rigarsa ya fita, dangin ubana su bi shi, kuma har abada za a ce an kammala satar da aka fara. In na ce Baffa, Kawu zai haɗiye. Na zaɓi in ɓata wa wanda na tabbata ba zai rama ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi shi muni. Ko da zan ambaci Baffa, akwai jimla ɗaya da ya wajaba in fara da ita: laifina ne, ni na roƙi Kawu tun wata biyu, sannan na ji tsoron gaya wa Baffa. Jimlar tana bakina. Ban faɗe ta ba. A maimakonta na yi jawabi. Na ce kamar yadda magabata suka tsara, ɗa na dangin uba ne, kuma in uba ya kau ƙanensa ne yake tsayawa a matsayinsa, don haka ina roƙon Baffa ya karɓa mini, tare da girmamawa ga dukkan iyayena da suka halarta. Hausa ce mai kyau, ba ta da aibi ko ɗaya. Wani a cikin taron har ya ce madalla da yaro mai ilimi. Duk wanda ya ji ta kuwa, abin da ya fahimta shi ne Kawu ne ya cusa kansa inda ba a kira shi ba.

Sauran a bakin Nura na ji. Ya ce Kawu ya zaro ambulan ɗin sadaki daga aljihu, ya miƙa wa Baffa da hannu biyu, ya dafa ƙasa ya tashi. Ya dubi jama'a yana murmushi ya ce dama wuri yake riƙe wa mai wuri, tsufa ne ya sa ya manta ya tashi. Aka yi dariya, aka ji daɗi. Ya koma sahun baya kusa da takalma ya zauna, kuma da aka shafa fatiha aminsa ta fi ta kowa ƙarfi. Daga wannan maganar tasa aka samo labarin da za a ba ku.

Ina riƙe da wayar aka ɗaura. Isufu ya ba ni hannu ya ce Allah ya sanya alheri, sannan ya ƙara, a hankali, ba da wasa ba:

"Kai ne dattijon da ya zubar da shayin, ashe."

Madam Helen ta kaɗa ƙararrawa. Na mayar da wayar kwando na koma bayan ƙofa ta huɗu, ina mijin aure. A kashi na biyu akwai wurin da dukkan ƙofofin suke buɗewa lokaci guda, kabad ya wangale, rigar ta faɗo a gaban kowa, uban amarya ya tsaya a tsakiya da ruwa har idon sawu ya ce shi ne ya zubar da shayin. Matarsa ta dube shi ta ce ai tun safe ta gani, jira take ya faɗa. A nan zauren ya fi yin dariya, har wani ya dinga buga kujera. Na leƙa ta tsagar katako ina kallon fuskokinsu. A ranar na sami amsar da na yi wata biyu ina nema: ba wahalarsa suke yi wa dariya ba, sun gane shi ne, kowa da rigar da ya taɓa cusawa a kabad. Bambancin kawai, shi marubucin wasan ya tilasta masa ya faɗa kafin a sauke labule. Ni ba wanda ya tilasta mini.

Washegari da safe na kira Kawu. Ya ɗauka a bugu na biyu.

"Malam Mansur. An ɗaura lafiya, Allah ya ba da zaman lafiya."

Na ɗauka wani ne a kusa da shi ya sa ya kira ni haka. Na fara ba shi haƙuri, ina ta kewaye-kewaye, ya katse ni cikin taushi.

"Tun mako biyu na san Baffanka ya ba da ɗinki. Telan a layinmu yake, ni nake gyara masa keke. Na jira ka kira ka ce, Kawu, ka bari. Da na bari, wallahi, ko a jikina. Amma ka ce in zo, ban kuma ji ka ce kada in zo ba. Ya wuce, Malam Mansur. Ka gai da mutanen Makka."

Shekara biyar ke nan. Bai fasa mini komai ba. Shi ya raka mahaifiyarku filin jirgi da za ta taho, shi yake aiko mana da kuka da daddawa ta hannun masu umara. Na ba shi haƙuri a waya, na ba shi a rumfarsa da na je gida, kullum sai ya ce ya wuce. Sai dai a gaban jama'a na yi masa abin, haƙurin kuwa duk a keɓe na bayar, kuma na san ba daidai suke ba. Shi ya sa na sa wannan a littafi, inda Baffa da Alhaji Inuwa da duk wanda ya zauna a ranar zai iya sawa a karanta masa: ni na roƙi Kawu, bai cusa kansa ba.

Khalifa, sunansa aka raɗa maka, shi ya sa ba ma kiranka da sunan yanka. Ranar sunanka na kira shi ta bidiyo, na ɗaga ka ya gan ka. Ya matso da fuskarsa har hularsa ta fita daga hoton, ya daɗe yana kallonka, sannan ya ce:

"Kai, kai. Wannan ne ɗan Mansurun?"

Ya ja sunan da tsawonsa, kamar da. Da kai yake magana, ba da ni ba. Da na juyo da wayar ya gyara hula ya ce, "Malam Mansur, Allah ya raya." Na ce amin. Amma na ji, kuma ya san na ji.